Mai Hoto da Jarinsa na Haske

A Kano an fi ɗaura aure bayan an idar da sallar Juma'a, ko kuwa da hantsin Asabar da Lahadi, kuma duk mai ɗaukar hoto ya san babu lokacin da ya kai waɗannan wuyar aiki. Rana ta take, tana dukan mutane ta tsakar ka. Hula ta jefa inuwa a goshi, idanu sun faɗa rami, ango kuwa ya sha farar shadda mai ƙyalli. Wanda bai san aiki ba zai ɗaga kyamara ya danna, riga ta fito tas, fuska ta yi baƙi ƙirin. Ko kuma fuska ta fito, riga ta ƙone, aikin da mai ɗinki ya yi makonni yana zubawa a wuya da aljihu ya ɓace ɓat. Gwani sai ya ja ango da abokansa zuwa inuwar bangon masallaci, ya juya su su fuskanci fili, sannan ya danna. Taku biyar ne tsakanin hotunan nan biyu, kyamarar kuma ita ce dai.

Majemi yana sayen fata, marini yana sayen baba, amma ɗanyen kayan mai hoto ba a kasuwa ake samunsa ba. Haske ne, kyauta yake zuwa, sai dai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na bayan fitowar rana da na bayan la'asar sakaliya masu taushi ne, daga gefe suke zuwa, suna fito da siffar fuska da launin fata. Na tsakar rana mai kaifi ne. Na hunturu, lokacin da hazo ya rufe sama, ya fi kowanne sauƙin sarrafawa don babu inuwa mai ƙarfi, ko da yake yana kashe launi. Gindin darbejiya, inda kowa ke gudu don sanyi, tarko ne: rana tana ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare, kuma babu gyaran kwamfuta da ke share wannan da kyau. Inuwar bango, ko bakin zaure, ko kusa da taga, can ne ake samun abin da ake so.

Dattawan sana'ar sun koyi wannan ne dole, don a zamaninsu kowace dannawa kuɗi ce. Fim ɗin Kodak ko Fuji ko Agfa hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma ba ka ganin abin da ka yi sai an wanke. Mai hoto zai shiga ɗakin duhu da ruwan magungunansa, ko ya kai wa masu injin wankin kala, masu biki su jira kwanaki. In fim ya sha haske bikin ya tafi ke nan, ba a sake ɗaura aure don hoto. A sitidiyo akwai labule mai zanen bene ko lambu, da fulawar roba, da kujera guda, wani lokaci da rediyo ko wayar tebur da za a riƙe. A irin wannan tsari Seydou Keïta ya yi suna a Bamako, inda ya buɗe wurinsa a 1948. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya zane a baya, kuma yawanci sau ɗaya yake danna wa mutum. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Benis da ke Italiya a 2007. A Yamai kuma Philippe Koudjina ya bi samari da 'yan matan birnin da kyamararsa a shekarun bayan samun 'yanci. Kayan aikinsu duka ba su kai ƙarfin wayar da ke aljihun ɗan sakandare a yau ba.

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta bukatar fim. A 2012 kamfanin da kansa ya je kotu a Amurka yana neman kariya daga masu binsa bashi. Abin da ya kayar da wannan giwa shi ne ya rufe ɗakunan duhu a garuruwanmu, daga baya wayar hannu ta zo ta kwashe ɗan hoton yau da kullum. Aka ce sana'a ta mutu. Ba ta mutu ba, wurin cin abincinta ne ya sauya. Hoton da kowa zai iya ɗauka ya daina kawo kuɗi, wanda ke kawowa sai wanda ba kowa ke iyawa ba.

Jarin farko shi ne kyamara, kuma tun da daga waje ake shigo da ita, farashinta dala yake bi. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 sabuwa ta fi ƙarfin mafi yawan masu farawa, sai ta hannu. Canon da Nikon su suka daɗe suna riƙe da kasuwa, irin su 600D da D5300 ga mai koyo, 6D ko 5D ga wanda ya fara kama ƙasa. Yanzu kyamarori marasa madubi na Sony da Canon suna shigowa da ƙarfi. Mai sayen ta hannu ya nemi a duba masa adadin dannawar da ta yi, don ƙananan kyamarori an ƙera su ne su yi wajen dannawa 100,000, kuma wadda ta yi shekaru tana bin bukukuwa tana iya zama ta kusa cinye kwananta alhali jikinta na sheƙi. Ya cire gilashin gaba ya ɗaga shi ga haske, ya duba ko akwai fumfuna a ciki. Akwai kuma masu ba da haya na yini, kuma samari da yawa da haya suka fara har suka tara na sayen tasu.

A nan ne masu koyo ke yawan ɓarnar kuɗi. Sai yaro ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi babbar kyamara, ya bar ta da gilashin da ta zo da shi, mai milimita 18 zuwa 55, wanda ba ya jure duhu. Da ya sayi matsakaiciya ya ƙara da gilashi mai milimita 50 da ke buɗewa har f/1.8, da ya fi cin riba. Yana cikin mafi araha a gilasai, ba ya zuƙowa, ƙafarka ce za ta matsa gaba ko baya, kuma wannan takurawar ita ke koya wa mutum inda ya kamata ya tsaya. Bayansa sai batir biyu ko uku, katin mimori fiye da ɗaya, fitilar filasha, sanda mai ƙafa uku, da jaka mai rufuwa ruf. Farin kwali na naira kaɗan, in yaro ya riƙe shi daga gefen da ke duhu, yana maido da haske a fuska daidai da abin da ake saya da tsada don wannan aiki.

Sarrafa kyamara abu uku ne, komai yawan maɓallanta. A ɗauke ta a matsayin ɗaki mai taga ɗaya: akwai girman buɗin tagar, akwai tsawon lokacin da za a bar ta a buɗe, akwai kuma ƙarfin idon wanda ke zaune a ciki. Na farko shi masu sana'ar ke kira afaca, lambarsa kuma a juye take: f/1.8 buɗi ne babba, f/16 ɗan tsuku. Babban buɗi yana shigar da haske da yawa, ya narkar da bayan mutum, shi ya sa amarya ke fitowa ita kaɗai, tarkacen ɗaki ya zama dishi-dishi. Amma in aka jera dangi sahu uku aka ɗauka da f/1.8, na gaba ne kawai za su fito, sauran su koma hayaƙi. Hoton taro f/5.6 zuwa f/8 yake so. Na biyu shota ce. Mutum a tsaye, kada a yi ƙasa da 1/125 na daƙiƙa, don hannu yana rawa ko mai shi bai ji ba. Yara masu guje-guje 1/500. Na uku ISO: 100 a rana, 400 a inuwa, 1600 ko 3200 a zauren biki da dare. Ana ƙara shi hoto yana yin tsaki-tsaki, amma hoto mai tsaki wanda fuska ta fito ya fi mai santsi wanda ya girgiza. Tsofaffi suna da ma'aunin da suka haddace tun zamanin fim: rana tsaka ba girgije, f/16 da 1/100 da ISO 100. Har gobe yana aiki.

Akwai matsalar da ta fi damun mai hoto a ƙasarmu, wadda darussan bidiyo na Turawa ba su cika tsayawa a kanta ba. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, ruwan toka. In ya ga farar babbar riga ta cika hoto sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuskar baƙin mutum ta nutse. Maganinsa shi ne maɓallin nan mai alamar tarawa da ɗebewa: a ƙara kashi biyu cikin uku ko ɗaya cur, a duba allon baya, a tabbata zaren aikin riga bai ƙone ba. Wanda ke ɗauka a tsarin RAW maimakon JPEG ya fi samun sararin gyara daga baya, ya ɗago fuska ya danne riga, sai dai fayil ɗin nauyi gare shi. Katin gigabayit 32 hoto wajen 1,000 zai ɗauka a kyamara mai megafiksel 24, kuma a bikin kwana uku wannan ba wani abu ba ne.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne, ana koyonsu a mako guda a yi shekaru ana mantawa. A saita kaifin hoto a kan ido, na kusa da kyamara. A dubi bayan mutum kafin a dubi fuskarsa, don falwayar lantarki da ta tsiro daga hular ango, ko bokiti a bayan amarya, ba sa ganuwa sai hoto ya shiga firem. Kada a yanke mutum a gwiwa ko a wuyan hannu. Yaro a durƙusa masa a ɗauke shi daidai tsayinsa. Ba dole ba ne a dasa kowa a tsakiya, in mutum yana duban dama a bar masa fili ta dama. Filasha kuma kada a harba ta kai tsaye a fuskar da ta sha hoda, sai ta yi fari fat, goshi na walƙiya. A ɗaga kanta ta daki farin silin, hasken ya sauko a hankali. Mai waya ma duk wannan ya shafe shi, da ƙarin abu uku: ya goge gilashin da gefen riga mai laushi don maiƙon yatsa ne ke sa hotonsa hazo, ya daina zuƙowa da yatsu ya taka ya matsa, ya kuma taɓa fuskar mutum a allo kafin ya danna.

Wanda ke son gwada kansa ya je Hawan Sallah. Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a Disamban 2024, amma tun kafin nan nan ne makarantar masu hoton birnin. Hawan Daushe da yamma ake yinsa, hasken na taimakawa, sai dai yana gudu, kafin a gama jafi a Ƙofar Kudu ISO ya hau sama. Hawan Nassarawa da safe ne, rana na ƙara zafi ana tafiya. Dokin da ya taho a sukwane ba ya tsayawa cak a hoto sai da 1/1000. Gwanaye sukan yi akasin haka da gangan, su sauke shota zuwa 1/30 su bi dokin da kyamara, mahayi ya fito, jama'ar baya su zama zane-zanen gudu. Cikin goma da wuya biyu su yi kyau, amma biyun nan su ake ratayewa. Kuma mafi yawan hotunan hawa da ke tsaya wa mutum a rai ba na sarki ba ne. Na ɗan yaro ne da rawani ya rinjaya, ko na ɗan bindiga cikin hayaƙin harbinsa, ko na mai gyara linzami a gefe. Darasi ɗaya ne da na Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, wadda ta ɗauki rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar sallah, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai gawa da kango.

Rabin aikin, a ganina fiye da rabi, ba a kyamara yake ba. Mutanenmu da an ɗaga kyamara sai su sandare, su ɗaure fuska kamar an kira su gaban alƙali. Mai hoto na kirki yana da baki. Zai gaida dattijo da ranka ya daɗe, ya roƙi Alhaji ya ɗan sunkuyar da haɓa, ya tsokani abokan ango har su saki jiki, ya danna a daidai lokacin da dariya ta fara sauka, ba lokacin da baki ke wangame ba. Ya san wa ke gaba da wa, don a hoton dangi in ka tsayar da wan uba a gefe ka sa ƙaramin ɗan kasuwa a tsakiya, ka yi laifin da kyan hoto ba zai wanke ba. Ya san akwai wanda ba ya son a ɗauke shi saboda fahimtarsa ta addini, ya ƙyale shi ba gardama. Cikin gida kuwa, wajen kamu da sa lalle da wuni, gidaje da yawa ba sa barin namiji ya shiga, kuma wannan ya buɗe wa mata kasuwar da babu mai ƙwace musu. Yarinyar da ta iya kyamara a yau ba ta rasa aikin ƙarshen mako.

In an watse daga biki, aiki na biyu ya fara. A kwafe hotuna wuri biyu kafin a taɓa katin, don katin mimori yana mutuwa ba sallama. Sai tankaɗe: cikin ɗaruruwa a fitar da waɗanda ido bai rufe ba, baki bai karkace ba. Sai gyara a Lightroom ko Photoshop, mai waya kuma Snapseed ya ishe shi. A daidaita launi, musamman na zauren da aka cika da fitilu shuɗi da ja, a daidaita hoton da ya karkata, a cire ƙurji. Daga nan ne ake shiga rigima, don kusan kowace amarya za ta ce a ƙara mata haske. Wasu masu gyaran sai su murje fata har ta koma roba, fuska fara sol, wuya da hannu baƙi, uwar da ta haife ta ma sai ta duba sau biyu. Mai biya yana da haƙƙin a faranta masa, amma wannan ba gwaninta ba ce. Gwaninta ita ce baƙar fata ta fito da sheƙinta, tun daga wajen ɗauka.

Sayarwa iri-iri ce. Akwai ƙananan kati na inci 4 da 6 ko 5 da 7, akwai babba na firem da ake ratayewa a falo, akwai albam ɗin zamani da ake buga hotunan a jikin shafinsa, wanda shi ne mafi tsada kuma mafi riba. Da yawa yanzu a waya kawai suke so. In za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton, ranar da aka zo bugawa babba ya farfashe. Akwai kuma masu zuwa taro ba gayyata, su ɗauki baƙi suna shiga, su ruga a buga, kafin a tashi sun baje hotuna a bakin ƙofa kowa ya nemi nasa. Caca ce, don wanda ba a saya ba asara ce, takarda da tawada sun tafi.

Hoton fasfo shi ne cefanen yau da kullum na mai sitidiyo, musamman lokacin shiga makarantu, amma ya ragu tun da hukumomin jarrabawa da na katin ɗan ƙasa da na zaɓe suka koma ɗaukar mutum da kansu a wurin rajista. Kuɗi mai kauri a biki yake, shi kuma yana da kaka: ana rububin aure kafin azumi da bayan sallah da ƙarshen shekara, cikin Ramadan kuwa kasuwa ta kwanta. Shekarar zaɓe masu fosta suna kawo aiki. Sabuwar ƙofa ita ce ta masu sayar da atamfa da turaren wuta da abinci a Instagram, waɗanda ke bukatar hoton kaya kowane mako.

Mai koyo yakan ga an miƙa masa kuɗin biki ya ɗauka duka riba ce. Bai cire kuɗin mota ba, da hayar fitila, da sallamar yaron da ya riƙe masa kaya, da data, da bugu da firem, da man janareta na daren da zai kwana gyara, wanda tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya zama abin lissafi na gaske. Bai kuma ware wa kyamarar nata kason ba, alhali kowace dannawa tana rage mata kwana. Ƙa'idar da masu sana'ar suka koya da wuya ita ce kafin alƙalami, rabi ko fiye tun kafin ranar biki, a kuma rubuta yawan hotuna da ranar bayarwa. Bayan biki aljihun ango a bushe yake, kuma albam nawa ne ke kwance a sitidiyo har an yi sunan ɗan fari ba a zo karɓa ba.

Wahalar jiki ma tana nan. Tsayuwa ce daga hantsi har tsakar dare, ana ci kana ɗauka. Ƙurar hunturu tana shiga har kan sansa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ta bar ɗigo a kowane hoto, shi ya sa ba a canza gilashi a fili, sai a cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara na duban ƙasa. Damina kuma laima ke haifar da fumfuna, don haka ake ajiye 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi a jaka. Ga masu fizge a hanyar komowa da dare, ga jami'in da zai tare ka don ka ɗaga kyamara kusa da ginin gwamnati. Ga 'yan biki ashirin da wayoyinsu sun tare maka gaba a daidai lokacin da ake miƙa sadaki.

Abin da ke kashe mai hoto da gaske a garuruwanmu, duk da haka, cin amana ne. An shigar da kai inda ba a shigar da bare, ka ga matan mutane cikin kwalliyar da ba don kai aka yi ba. Ranar da hoton wata ya fita intanet ba da izinin gidansu ba, ko da niyyar tallar aikinka ce, unguwa guda ta rufe maka ƙofa, kuma labari ya riga ka isa unguwa ta gaba. A tambaya kafin a wallafa, in an ce a'a a bari.

Ga wanda ke son shiga, hanyar ba ta sauya ba: ya nemi maigida ya riƙe masa jaka da fitila na wasu watanni, yana kallon inda yake tsayawa da lokacin da yake dannawa. A gida kuma ya zaunar da ƙaninsa kusa da taga, ya ɗauke shi da safe, da azahar, da la'asar, ya jera hotunan ya gano da kansa abin da ya bambanta su. Ya cire kyamara daga kan Auto tun makon farko. Kada kuma ya karɓi bikin kowa shi kaɗai sai ya iya fito da baƙar fuska da farar riga a hoto ɗaya, kowacce da kamanninta.